Giya a fada: shirunmu ya fi kwalba ɓarna

Yau zan taɓo maganar da ba mu son yi a fada sai da raɗa, wato maganar giya. Na san wani zai ce, "Mu musulmi ne, mi ya kawo wanga zance?" To, ɗan uwa, haramcinta ba ya cikin gardama, kowa ya ji shi tun a makarantar allo. Amma haramcin bai hana ta shiga Madawa, Buza da Keita ba, bai kuma hana ta isa ƙauyukanmu na Urno ba. Abin da kunya ta hana mu faɗa, jiki yana biyan kuɗinsa.

Ina da ɗan ƙanen baba da ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan. Can ya koyi sha, nan ya dawo da shi a ɓoye. Duk gida mun sani, babu wanda ya ce uffan, don kada a ce mun tona asirin dangi. Sai da idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, sannan muka kwashe shi zuwa likita. Aka ce hanta ce. Ashe yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba, giya kuma ta ƙarasa aikin. Ya bar mata da ɗiya uku. Har yau ina tambayar kaina: da mun yi magana da wuri fa?

Akwai zancen da ke yawo a wayoyi, wai Turawa sun ce ɗan kaɗan ba ya illa, har ma yana gyara zuciya. Mu duba abin da suka faɗa da gaske. A Ingila, tun 2016, shawarar hukuma ita ce kada a wuce awo 14 a sati, kowane awo giram 8 na tsantsar barasa, kuma ba su ce wannan lafiya lau ba ne, cewa suka yi haɗarin ya ragu. A Kanada, a 2023, masana suka sauko da shi zuwa kofi biyu a sati. A watan Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa ga lafiya. Barasa tana cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba, kuma tana da hannu a daji aƙalla iri bakwai, ciki har da na baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 2.6 suka mutu ta dalilinta a duniya.

Yanzu mu yi lissafi irin namu. Babbar kwalbar biya ta santilita 65 tana da kusan giram 26 na barasa. Giram 60 a zama ɗaya shi likitoci ke kira shan ganganci. Ke nan wanda ya sha kwalba uku a daren ajo ya riga ya ƙetare. Ƴan ledojin nan kuwa masu zafi da ke tsallako iyaka, su ne suka fi ba ni tsoro: ga arha, ga sauƙin ɓoyewa a aljihu, yaro ɗan lakwal ma zai iya saya. Ko Najeriya kanta, hukumar NAFDAC ta shelanta hana su a farkon 2024. Ta gargajiya da ake dafawa a ɓoye ita ma ba tabbas: a 2015 ogogoro mai guba ta kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas.

Kuma mu yi gaskiya, a nan ba a faye shan ta ita kaɗai ba. Ana haɗa ta da tramol, wai don a ji ƙarfin aikin albasa ko na kabu-kabu. Su biyun suna danne numfashi, mutum na iya kwantawa bai tashi ba. Wanda ya tashi kuma ya hau moto ya miƙi hanyar Ƙonni, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na wanda ya ɗauko.

Ra'ayina shi ne, wa'azi kaɗai bai isa ba, kora da gori kuma ƙara tura mutum suke cikin kwalba. Wanda bai taɓa sha ba, kada ya fara, babu abin da ya rasa. Wanda ke sha, ya sani duk kwalbar da ya rage riba ce ga hantarsa, dainawa kuma ita ta fi. Amma a kula: mai sha da yawa kullum, in ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa, ruɗewa har da farfaɗiya. Wannan ba aljanu ba ne, a kai shi likita ya daina a hannun ma'aikatan lafiya. Mace mai ciki kuwa, ko ɗigo kada ta kusanta. Kuma kowa, mai sha da marar sha, ya je a auna masa ciwon hanta.

Ga malamanmu da iyayenmu, muna roƙo ku buɗe ƙofa yadda yaro zai iya cewa "na faɗa ciki" ba tare da an yafe shi ba. Ga mu ƴan fada kuma, in ka ga abokinka ya fara janyewa daga shayi yana ɓacewa bayan isha'i, kada ka jira ranar zaman makoki kafin ka ce ai ka lura. Ka ja shi gefe yau, ku yi magana. Ni na jira, kuma na ga ƙarshen jira.

Allah Ya tsare mu, Ya shiryi namu.