Seleri Kayan Miya Ne, Ba Maganin Hawan Jini Ba

'Yan'uwa, a 'yan watannin nan babu ranar awon jini da za ta wuce ba a tambaye ni game da seleri ba. Wani a waya ya ji, wata 'yarta ce ta aiko mata saƙo daga Yawunde, wani kuma a gidan biki aka gaya masa. Maganar dai ɗaya ce. Wai in ka niƙa seleri, ka tace, ka sha kofi guda da sassafe kafin ka sa kome a baki, hawan jini zai rabu da kai, suga zai sauka, ƙoda za ta wanku. Na yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san shi ba, seleri ganye ne mai ƙamshi mai ƙarfi. Masu kayan miya sukan ɗaure shi tare da faski da lawashi su sayar. Asalinsa daga ƙasashen bakin Bahar Rum ne. Yana son sanyi da ruwa, don haka ya fi yi a wurare irin su Fumbot da lambunan fadama na tudun Adamawa, a ƙasa mai zafi kuwa kamar Garwa da Marwa yakan ba mai lambu wahala. Irin namu siririn kara gare shi da ganye da yawa. Na Turai karansa kauri ne, shi ake tauna ɗanye.

Ni ina son seleri, kullum akwai shi a kicin ɗina. Abin da ya sa nake magana da zafi shi ne wani dattijo da na yi shekara biyu ina auna wa jini. Ranar da ya fara zuwa, awonsa 180 bisa 110 ne. Likita ya sa shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, a hankali awon ya sauko 135 bisa 85. Sai ya ɓace mana wata uku. Ranar da ya dawo, a kan babur aka kawo shi, ɗansa na riƙe da shi ta baya. Baki ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu sun mutu. Bayan kwana biyu, da harshensa ya ɗan saki, na ce, "Baba, ina ƙwayarka?" Ya ce, "'Yata, ai na sami na gargajiya, wanda ba ya ɓata ƙoda." Ruwan seleri yake nufi. Da muka lissafa da ɗan nasa, kuɗin selerin da suke saya a wata ya fi kuɗin ƙwayar da ya bari.

Ina da nawa laifin a ciki. Sau da yawa na ce masa, "Baba, ka riƙa cin ganye, yana taimakon jini." Ban taɓa zaunawa na bayyana masa iyakar taimakon ba. Da wani ya zo da magana mai daɗi ya ce ganye kaɗai ya isa, sai ta yi kama da tawa.

To, mene ne a cikin seleri? An auna irin mai kaurin kara. A giram 100, kusan giram 95 ruwa ne. Akwai ɗan dusa mai taimakon hanji ga mai fama da taurin bayan gida. Akwai bitamin K. Akwai sinadarin fotasiyam, wajen miligiram 260, kuma gaskiya ne fotasiyam yana taimakawa wajen sauke jini. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar wajen miligiram 3,500 a rana. In da seleri kaɗai za ka nemi wannan, sai ka cinye fiye da kilo guda kowace rana. Ayaba, dankalin Hausa, wake da alayyafo duk sun fi shi fotasiyam, kuma sun fi shi cika ciki. Wani abin da masu saƙon waya ba sa faɗa shi ne, a cikin ganyaye seleri yana cikin masu ɗan gishiri-gishiri na halitta. Ba shi da yawan da zai cuci mai cin miya, amma abin lura ne.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Masana sun sami wani sinadari a cikin seleri, wanda shi ne ke ba shi ƙamshinsa, sun ga yana sassauta jijiyoyin jini a jikin dabbobin gwaji. An kuma gwada abin da aka tatso daga irinsa a kan mutane kaɗan na ɗan lokaci. Wannan mafarin bincike ne. Ƙwayoyin da muke bayarwa, irin su amlodifin, an gwada su a kan dubban mutane shekara da shekaru, an san nawa za a sha, an ga sun rage shanyewar ɓarin jiki. Kofin da ake tacewa a gida kuwa, na yau daban, na gobe daban. Yayin shan ruwan seleri da safe a Amurka ya tashi, wajen 2018, ta intanet, daga can ya bi waya ya iso ƙauyukanmu. Kuma in ka tace ka zubar da tuƙar, ka zubar da dusar da ita ce rabin amfaninsa.

Wani zai ce, "Malama, ni na sha, na ji sauƙi." Na yarda ka ji. Ka sha ruwa kofi guda da safe, ka yi fitsari da yawa, jikinka ya yi sakayau. Sai dai Hausawa suna cewa jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki ba ya gaya maka kome. Na sha auna mace tana dariya, ta dawo daga gona da ƙafarta, awonta ya haura 200. Na kuma auna mai kukan ciwon kai na tarar jininsa lafiya lau. Hawan jini, wanda wasunku ke kira tansiyon, abin awo ne kaɗai ke nuna shi. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to akwai shi, ko kana jin ƙarfi kamar saurayi.

Yanzu ga inda nake ganin seleri yana da amfani na gaske, kuma a tukunya ne. Babban abin da ke tayar mana da jini a abinci gishiri ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ku dubi yadda muke miya. A sa gishiri da hannu. A murmushe dunƙulen magi huɗu ko biyar, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. A jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya yi saurin nuna, ita ma kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wajen jini. Ga busasshen kifi mai gishiri. Sannan a kawo yaji, shi ma da nasa magin a ciki. In na ce wa uwargida ta rage, amsarta ɗaya ce: "Maigida ba zai ci ba, zai ce miyar lami ce." Gaskiyarta. Ba wanda ke son a dawo masa da kwano.

A nan seleri ke shigowa. Ƙamshinsa yana cika baki, har harshe ya manta an rage gishiri. Ga yadda nake yi a gidana. Ina daka seleri reshe uku ko huɗu da albasa, tafarnuwa, citta da daddawa, in soya su a ɗan mai kafin in zuba tumatir. Ganyen kuma ina yanka shi ƙanana, in watsa daf da saukewa, don dogon dahuwa yana kashe ƙamshin. Da wannan na sauko daga dunƙule huɗu zuwa ɗaya a tukunyar mutum bakwai. Ban yi shi rana ɗaya ba. Kowane mako biyu nake rage guda, ban gaya wa kowa ba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ɗan gishirin da za ku sa kuwa, ku nemi mai aidin, saboda maƙoƙo.

Mata masu girkin biki da na zumunta, ku ne kuka fi kowa iko a nan. Tukunya ɗaya taku tana ciyar da mutum ɗari.

Inda seleri ba ya samuwa ko ya yi tsada, kada kowa ya damu. Daddawa, albasa, citta da ɗoɗɗoya suna yin wannan aikin. A wajen gina jiki kuwa, zogale da alayyafo sun ninka shi sau da yawa a sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ga rama, ga yakuwa, ga tafasa, ga lalo, ga kuka. Abin da ake so shi ne ganye da 'ya'yan itace su kai giram 400 a rana, kamar cikin hannu biyar. Yana ba ni takaici in ga mace ta wuce zogalen da ke bayan ɗakinta, ta ba ɗan acaɓa kuɗi ya sayo mata seleri daga gari don ance shi ne magani.

Akwai waɗanda nake so su yi hattara. Mai ciki ta ci shi a miya, babu laifi, amma ta guji irinsa da man irinsa da ake sayarwa a matsayin magani. Wanda aka ce ƙodarsa ta yi rauni kada ya sha ruwan ganye kofi-kofi, domin ƙodar ba ta iya fitar da fotasiyam, in ya taru yana taɓa zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya gaya wa likitansa kafin ya ƙara cin ganye da yawa, saboda bitamin K. Wanda ya ci ya ji baki na ƙaiƙayi ko leɓe ya kumbura, ya bar shi. Sai kuma tsabta. Lambuna da yawa na kusa da gari da ruwan kwata ake ba su, ruwan seleri kuwa ɗanye ake sha. Ta nan atuni, taifot da kwalara ke shiga. Dafawa ta fi kwanciyar rai.

Wanda duk ya ce sai ya sha, kuma ba ya cikin waɗannan, ba zan yi faɗa da shi ba. Ya wanke da ruwa mai tsabta, ya sha, ya kuma haɗiye ƙwayarsa. Ya zo awo kowane wata da katinsa. In gishiri ya ragu a gida, jiki ya ragu, awo ya sauka ya zauna, likita da kansa zai iya rage maganin, na ga an yi haka. In kuɗin ƙwaya ne ya gagara, ko tana kumbura maka ƙafa, ku faɗa mana, akwai wadda za a canza.

Dattijon nan yana nan da rai. Yana takawa da sanda, hannun dai bai dawo ba, gonarsa ɗansa ke nomawa. Ranar Talatar da ta wuce matarsa ta rako shi awo, muka sami 130 bisa 80. Ta tambaye ni ko ta daina sayen seleri gaba ɗaya. Na ce, "A'a Inna, ki saya na sefa ɗari, ki sa a miya, ki cire dunƙule biyu."