Mai Koyon Kodin Ya Fara Da Gina Manhajar Ajiye Ayyukansa

A watan Mayun 2020 Microsoft ya rufe Wunderlist, manhajar jera ayyukan yau da kullum da ya saya a 2015. A ƙarshen 2023 kuma Evernote ya taƙaita masu amfani kyauta zuwa rubutu 50 kacal. Wanda ya shekara da shekaru yana tara bayanansa a irin waɗannan wurare sai ya gane ashe ɗan haya ne.

Wannan kaɗai ya isa dalilin da mai koyon kodin zai zauna ya gina tasa, wadda ke aiki ta layin umarni, wato baƙar tagar nan da ake buga wa kwamfuta umarni da hannu. Akwai masu raina aikin, wai kowane ɗan koyo ya yi shi. Gaskiya ne, amma yawancinsu kwafa suke yi daga YouTube su watsar. Wanda zai dogara da ita kullum, shi ne zai ci karo da darasin.

Shawara ta farko ita ce inda za a ajiye bayanan, kuma babu abin da ya fi fayil ɗin rubutu zalla. Tun 2006 Gina Trapani ta fito da tsarin todo.txt: layi ɗaya aiki ɗaya, harafin x a farkon layi yana nufin an gama, alamar + ta nuna aikin da layin yake ƙarƙashinsa, @ kuma ta nuna wuri. Ko manhajar ta lalace, Notepad zai buɗe fayil ɗin.

Da Python da argparse, umarnin ƙara aiki da nunawa da gogewa ba zai ci yini ba. Wahalar tana zuwa ne daga baya. Idan mutum ya rubuta "ɗauko kuɗi" a Windows bai faɗa wa Python ya yi amfani da UTF-8 ba, manhajar na iya tsayawa cak a kan harafin ɗ. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta fayil, yana iya komawa fanko; maganin shi ne a fara rubutawa a wani fayil na wucin gadi, sannan a maye gurbin na asalin da os.replace. Sai matsalar lamba: an goge aiki na 3, na 4 ya koma na 3, mai saurin hannu ya sake buga umarnin ya goge abin da bai yi niyya ba.

Tana da nakasu, ba a musu. Ba za ta yi ƙara ta tuna wa mutum taro ba sai ya haɗa ta da cron, ba kuma za ta kai bayanai waya da kanta ba sai da Git ko Syncthing. Mai buƙatar duk wannan yau-yau gara ya ɗauki Google Keep, ko Taskwarrior idan layin umarnin yake so.

Rashin kwamfuta ma ba uzuri ba ne. Termux yana buɗe layin umarni a wayar Android, a sauke Python a ciki sau ɗaya, daga nan ko babu data aikin yana tafiya.