Muhimmancin Sake Auna Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

Masu iya magana kan ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. To amma a sha'anin ilimin yara masu buƙata ta musamman, gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Yaron da aka auna yana ɗan shekara 6, aka ce yana da raunin fahimta, ba lalle ne a same shi haka ba idan ya kai shekara 9. Wataƙila ma tun asali matsalarsa ta kunne ce, da an ba shi na'urar ƙara ji sai ya kamo tsararsa.

Wannan ne ya sa dokar Amurka ta ilimin yara masu nakasa, wadda aka kafa a 1975, aka kuma yi mata kwaskwarima a 2004, ta wajabta a sake auna irin wannan ɗalibi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3, sai fa idan iyaye da makaranta sun amince babu buƙata. Abin lura shi ne, ba da sabuwar jarrabawa ake farawa ba. Kwamitin malamai da iyaye da ƙwararru ne kan fara duba bayanan da ke hannu, wato sakamakon gwajin baya, da ayyukan aji, da abin da malamai da iyaye suka lura da shi. Daga nan ne za a san ko a yi sabon gwaji, ko a sauya taimakon da ake ba yaron, ko kuwa a yaye shi.

A nawa ra'ayi, akwai darasi a nan ga malaminmu na gobe. Nijeriya ta sanya ilimi na musamman cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977, kuma a 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Sai dai doka ba ta shiga aji, malami ke shiga. Wani zai ce ƙwararru sun yi ƙaranci, azuzuwa kuma sun cika maƙil. Haka ne. Amma littafi guda da malami zai riƙa rubuta ci gaban yaro a ciki, tare da kwanan wata, bai fi ƙarfin kowa ba. Idan babu wannan littafi, ranar da ƙwararre ya zo ba zai tarar da abin dubawa ba, yaron kuma zai gama makaranta da sunan da aka laƙaba masa tun yana aji ɗaya.