Mai Hoto, Ina Fuskar Kakata?

Bara aka yi bikin ƙanwata a Maraɗi. Muka ɗauko mai hoto mai ƙatuwar kyamara, muka biya shi ba ciniki. Da hotuna suka iso, amarya ta fito tar, har kwallin idonta ana gani. Amma Kaka, wadda ke sahun baya, sai dishi-dishi kamar an hango ta cikin hazo. Bayan wata huɗu Allah Ya yi mata rasuwa.

Da na tuntuɓe shi, sai ya ce wai haka ake yayi. Ni kuwa na ce wannan rashin sanin aiki ne.

Jama'a, ga yadda abin yake. A cikin gilashin kyamara akwai ƙofar da haske ke shiga. Idan aka wangale ta, misali a f/1.8, ɗan siririn wuri ne kawai zai fito sarai, na gabansa da na bayansa duk su dusashe. Idan aka tsuke ta zuwa f/8, wurin da ke fitowa sarai sai ya ƙara zurfi. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa.

Sai kuma farantin da ke kama hasken. Na manyan kyamarori milimita 36 ne da 24, na wayar hannu kuwa bai wuce girman farce ba. Babban faranti yana buƙatar dogon gilashi kafin ya ɗauko abin da ƙarami zai ɗauko daga wuri ɗaya, dogon gilashi kuma yana rage wannan zurfin. Shi ya sa f/1.8 a waya take fito da kowa, a babbar kyamara kuwa ta zaɓi mutum ɗaya. Hoton da Kaka ta fito sosai a ranar, ƙanena ne ya ɗauke shi da tsohuwar wayarsa.

Ban ce dusashe baya laifi ba ne. Idan amarya ce ita kaɗai, a yi. Amma idan dangi sun jeru sahu-sahu, malam mai hoto, tsuke ƙofar, ja da baya kaɗan, ƙara haske. Ba don burge abokan sana'arka muka kira ka ba. Yayi zai wuce, wadda ka dusashe kuwa ba za ta dawo a sake ɗauka ba.