Mu Koyi Turanci: Jam'in Suna da Tarkunansa

Wani saurayi ya rubuto mini yana kuka, wai ya nemi aikin akawu a wani kamfani, aka ba shi jarrabawa, aka ce ya lissafa kayan da ke cikin ofis. Ya rubuta “furnitures” da “equipments”, mai dubawa ya ja jan layi ƙarƙashinsu, aikin kuma ya wuce shi. Tambayarsa ita ce: ashe ba a koya mana cewa in abu ya wuce ɗaya sai a ƙara masa “s” ba? To, ɗana, an koya maka gaskiya, amma rabinta aka ba ka. Yau za mu nemo ɗaya rabin.

Da farko dai kada Bahaushe ya ji tsoron jam'in Turanci, domin wanda ya sha a nono ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Mu ne muke cewa gida, gidaje, doki, dawaki, tunkiya, tumaki, sa, shanu, mace, mata. Har kalmomin da muka ara ba mu bar su haka ba: mota ta zama motoci, ofis ya zama ofisoshi. Baturen da ya zo koyon Hausa sai ya haddace jam'in kusan kowane suna daban. Shi kuwa Turanci doka guda ce ke riƙe da mafi yawan sunayensa, watau book, books, pen, pens. Wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta jarraba wannan a 1958. Ta zana wata 'yar halitta, ta laƙa mata sunan da babu shi a Turanci, “wug”, sa'an nan ta nuna wa ƙananan yara guda biyu, ta bar su su faɗi jam'in. Yawancinsu suka ce “wugs”, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Ashe dokar ta zauna musu tun kafin a koya musu ita a aji.

Sai dai wannan “s” ɗin rubutunsa ɗaya, lafazinsa uku. A cats da books “s” ne sosai. A dogs da pens sai ya koma “z”. A horses da judges kuwa gaɓa ce sukutum ake ƙarawa, kamar “iz”. Wannan na ukun shi ya sa ake rubuta “es” bayan sunan da ya ƙare da s, x, ch, ko sh, kamar buses, boxes, churches, dishes. Sunan da ya ƙare da “y” kuma sai a duba harafin da ke gabansa: in baƙi ne a ce city, cities, in wasali ne a bar shi, boy, boys. Waɗannan kowane ɗan firamare ya san su, ba za mu daɗe a kansu ba. Inda ƙafa ke zamewa shi ne wajen “f” da “o”. Ana cewa knife, knives, thief, thieves, amma chief, chiefs, roof, roofs. Ana cewa tomatoes da heroes, amma photos da radios. A nan babu wata dabara sai buɗe ƙamus, kuma ba abin kunya ba ne, Turawan ma suna buɗewa.

Sa'an nan ga 'yan tawaye: man, men, woman, women, foot, feet, tooth, teeth, mouse, mice. Ɗalibai kan ɗauka Turawa sun ƙirƙiro su ne don wahalar da mutane. A'a, tsofaffi ne da suka ƙi mutuwa. A kakan harshen, jam'in irin waɗannan sunaye yana da wasalin “i” a ƙarshe, wanda ya riƙa jawo wasalin tsakiyar kalma zuwa wajensa. Daga baya ƙarshen ya faɗi, sauyin da ya haddasa ya zauna. Tsohon Turanci yana da wani jam'in kuma mai “n”, wanda ya bar mana ox, oxen. Ita kuwa children jam'i biyu ne aka ɗora wani kan wani: “r” ɗin da ke ciki alamar jam'i ce tun asali, daga baya aka ƙara “en”. Saboda haka mai cewa “childrens” ya yi wa kalmar rawani na uku ke nan.

Akwai wani labari da William Caxton, mutumin da ya fara kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, ya bayar a gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490. Waɗansu fatake jirginsu ya rasa iska a kogin Thames, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya tambayi wata mata ƙwai da kalmar da ta zama eggs a yau. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma bai iya Faransanci ba. Sai da wani ya ce “eyren”, watau jam'in ƙwai na mutanen kudu, kana ta gane. In 'yan ƙasa ɗaya sun yi wannan a kan jam'in ƙwai, ai ɗan Kano ko ɗan Sakkwato ya cancanci a yi masa uzuri kaɗan. Mai duba jarrabawa ne dai ba ya yi.

Waɗansu sunayen ba sa sauyawa ko kaɗan: one sheep, ten sheep, haka deer. Waɗansu kuma baƙi ne daga Latin da Girkanci, sun zo da jam'insu na gida: crisis, crises, criterion, criteria, phenomenon, phenomena. Na sha jin manyan ma'aikata suna cewa “this criteria” a bainar jama'a. Criteria jam'i ce, tilonta criterion.

Yanzu mu koma ga abin da ya kayar da saurayinmu, don shi ne babban ramin da Hausawa ke faɗawa. Turanci ya raba sunaye gida biyu: waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa. Water da sand ba su ba kowa wahala, don mu ma ba ma cewa ruwa uku sai dai kofi uku na ruwa. Matsalar ita ce Turanci ya jefa cikin wannan gida abubuwan da mu muke ƙirgawa sarai. Muna cewa shawara, shawarwari, labari, labarai, kaya, kayayyaki. Sai hankali ya ba mu “advices”, “informations”, “luggages”, “furnitures”, “equipments”, dukansu kuwa kuskure ne a daidaitaccen Turanci. In ana so a ƙirga sai a kawo ma'auni: “a piece of advice”, “three items of furniture”. Haka kuma ba a sa musu “many”, sai “much” ko “a lot of”. Ni a ganina, malamin da ya kwashe mako guda kan wannan kaɗai ya fi wanda ya sa yara haddace oxen da geese amfani, domin akawu zai shekara bai rubuta oxen ba, amma information kullum sai ta biyo ta teburinsa.

Rami na biyu shi ma daga gida muka taho da shi. A Hausa lamba ta isa, shi ya sa muke cewa shekara uku, kwana bakwai, mutum goma, ba tare da jam'i ba. Turanci bai yarda da haka ba: “three years”, “seven days”. Amma in adadin ya zama sifa a gaban wani suna sai “s” ɗin ya faɗi, kamar “a three-year course”. Shi kuwa mai cewa “one of my friend” ba shi da hujja ko a Hausa, don ɗaya daga cikin abokaina muke cewa.

Akwai kuma masu kamar jam'i alhali tilo ne, irin su news da mathematics: “the news is good”. Ga kishiyoyinsu, police da cattle da people, babu “s” amma jam'i ne: “the police are coming”. Wando da almakashi a wurinmu abu guda ne, a wurinsu trousers da scissors jam'i ne, in za a ƙirga sai a ce “a pair of trousers”. Sunan da aka harhaɗa kuwa, uwar kalmar ake yi wa jam'i: mothers-in-law, passers-by. Ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama kafin “s” alamar mallaka ce, bai da aiki a jam'i, ko da yake allunan kantuna sun cika da “shoe's” da “book's”.

Saura yadda ake maganar jam'in kanta, don malamai sun sha tambayata. In kalma ce ake zance a kanta, to abu ɗaya ce, ko da jam'i take nufi. Sai a ce “children is the plural of child”, ba “are” ba, kamar yadda mu ma muke cewa “yara” jam'in “yaro” ne. In kuwa yaran kansu ake nufi, sai “the children are playing”. Tambaya kuma ga yadda ake yinta: “What is the plural of knife?”

Ga aikin gida. A gyara waɗannan jimloli uku, a aiko mini: “He gave me many advices.” “She has five childrens and ten sheeps.” “The news are bad, my trouser is torn.” Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.