Rancen Ɗalibai Da Kuɗin Ɗaki A Gwallameji

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga cikin garin Bauci a farkon shekarar karatu, zai tarar da unguwar Gwallameji cike da samari da 'yan mata, kowa da jaka da katifa, suna bin gidaje suna tambayar ɗakin haya. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1979, kuma ba ta da nisa da harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta fara a 1980. Da yake ɗakunan kwana na makarantun nan ba su isar ɗalibansu, unguwar ta zama masaukin yara da yawa waɗanda iyayensu ke Misau ko Azare ko Ningi, wasu ma daga jihohi masu nisa. Saboda haka mai son ya san ko taimakon da ake ba ɗalibai yana kai wa inda ake bukata, ya isa ya tsaya a Gwallameji ya duba.

Babbar ƙofar taimako a yau ita ce rancen Gwamnatin Tarayya. Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar rancen a watan Yuni na 2023, amma aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri, gama ta nemi ɗalibi ya kawo masu tsaya masa, ta kuma keɓe rancen ga gidajen da abin da suke samu bai kai Naira 500,000 a shekara ba. Aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024 wadda ta kawar da waɗannan sharuɗɗa, sannan Asusun Rancen Ilmi, watau NELFUND, ya fara karɓar takardun masu nema ran 24 ga Mayu, 2024.

Yadda abin yake shi ne, ɗalibin makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, zai nema ta intanet da lambarsa ta JAMB, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN, da lambarsa ta makaranta. In an amince, sai Asusun ya biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma riƙa sa wa ɗalibin Naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa, in ya nemi wannan ɓangaren. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye masu gudun riba. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar mai sana'ar kansa.

Babu shakka wannan ci gaba ne, musamman ga gidajen da tsadar rayuwa ta danne tun janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Amma fa akwai wani giɓi da ke bayyana ƙarara a Gwallameji. Naira 20,000 in aka raba ta kwana talatin, ba ta kai Naira 700 a yini ba, kuma a ciki ne ake so ɗalibi ya ci abinci, ya sayi ruwa, ya hau mota, ya buga takardun karatu. Bugu da ƙari, kuɗin nan wata-wata yake zuwa, alhali kuwa bisa al'ada mai gida kuɗin shekara yake nema a dunƙule kafin ya miƙa makulli. Sai ka ga yaro an biya masa kuɗin makaranta sarai, amma yana raɓe a ɗakin aboki, su huɗu ko biyar a kan katifa biyu. Ga 'ya mace kuwa lamarin ya fi muni, domin uba da yawa zai gwammace ta zauna a gida da ta tafi ba ta da tabbataccen masauki.

Ci da kwanan ɗalibi ba ƙaramin al'amari ba ne a tarihin ƙasar nan. A 1978, zamanin Janar Obasanjo, ƙarin kwabo hamsin kacal aka yi a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga Naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa Naira biyu, jami'o'i suka rikice da neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Ikko da Zariya. Tun daga wancan lokaci ya kamata a gane cewa kuɗin aji kaɗai ba ya riƙe yaro a makaranta.

To, ina mafita? Ta farko tana hannun ɗalibin kansa. Kada samun rance ya sa ya manta da ƙofofin kyauta, waɗanda ba a biyan su, kuma yawanci a dunƙule suke zuwa, watau irin kuɗin da zai iya kama ɗaki. Akwai Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, wadda ke neman ɗalibin da ya wuce shekarar farko da sakamako mai kyau ƙwarai, kuma a 2025 aka sanar da ɗaga tallafinta ga masu digiri na farko daga Naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. Akwai asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, ga masu karatun da ya shafi harkar mai. Akwai na kamfanoni irin su NLNG da gidauniyar MTN, waɗanda suka fi karkata ga kimiyya da fasaha, fannonin da makarantun nan biyu suka shahara a kansu. Har ila yau akwai Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Bauci, kamar yadda sauran jihohi ke da tasu, inda takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ke da muhimmanci. Galibin waɗannan ƙwazo suke bi, saboda haka wanda ya yi wasa da shekararsa ta farko ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Ta biyu tana hannun masu gidaje da shugabannin unguwa. Tun da ɗalibi yana da shaidar cewa kuɗi na shigo masa kowane wata, babu abin da zai hana ƙungiyoyin ɗalibai su zauna da masu unguwa da masu gidajen haya a shirya biyan kuɗin ɗaki kashi-kashi. Haka kuma attajiran Bauci da ke neman inda za su sa zakka ko waƙafi, ɗakin kwanan ɗalibai mata sadaka ce mai gudana wadda amfaninta ba ya ɓuya.

Ta uku tana kan hukumomi. A 2025 an yi ta ƙorafi a wasu sassan ƙasar nan cewa akwai makarantun da suka karɓi kuɗin rance ba su sanar da ɗalibai ba, ko suka yi jinkirin mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kuɗinsu, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Wajibi ne kowace makaranta ta riƙa liƙa sunayen waɗanda aka biya wa, shi kuma Asusun ya duba yiwuwar ba ɗalibi wani kaso na kuɗin ɗawainiyarsa a dunƙule a farkon shekara.

Daga ƙarshe, ya kamata mai karɓar rance ya tuna cewa ba yau aka fara ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa Hukumar Rancen Ɗalibai a 1972, amma da yawa daga waɗanda suka amfana ba su biya ba, har ta durƙushe, Bankin Ilmi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai kai ko'ina ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cinsa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ƙin biya bayan Allah ya hore. Yaron da ke neman ɗaki a Gwallameji bana yana da ƙanne a firamare, kuma abin da ya mayar ne za a ranta musu in lokacinsu ya zo.