Masu rubuta manhaja: ba furfura ake gudu ba, albashi ake gudu

Yau muna tafe da zancen da ya shafi duk uban da ya sayar da rago ya saya wa ɗansa kwamfuta don ya koyi informatik.

Shekaru muna jin cewa mai rubuta manhaja ba ya rasa aiki. To, ga abin da ya faru a Amurka, cibiyar sana'ar. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Idan masu neman aiki suka yi yawa, guraben kuma suka ragu, mai ɗauka shi ke yanka farashi, kamar dai kasuwar tumatir ranar da motoci suka cika tasha. Ga kuma ChatGPT da ire-irensa, da shugabannin kamfanoni ke fakewa da su suna cewa mutum ɗaya ya isa aikin mutum uku.

Wa aka fi ji wa ciwo? Wanda ya haura 40. Tun 2007 Mark Zuckerberg ya fito fili ya ce matasa sun fi kaifin basira. A 2019 Google ya yarda ya biya dala miliyan 11 ga mutum sama da 200 da suka kai ƙara cewa an ƙi ɗaukarsu saboda shekaru. A 2020 hukumar gwamnatin Amurka mai yaƙi da wariya a wurin aiki ta ce IBM ya nuna wa tsofaffin ma'aikatansa bambanci. Duk wannan a ƙasar da doka ta hana hakan tun 1967.

Mu dai a ganinmu, ba ƙwaƙwalwa ce ta gaji ba. Rubuta manhaja ba kokawa ba ce da za a ce ƙarfi ya ƙare, a ba yaro fili. Ɗan shekara 45 yana da iyali, ya san darajarsa, ba zai kwana ofis a banza ba. Saurayi kuwa ya fi araha. Lissafin ke nan. Amma ranar da na'urar banki ta tsaya, albashin jama'a ya maƙale, wanda ya taɓa ganin irin matsalar ake nema.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙannenmu na Maradi da Damagaram, ku koya, ba mu ce ku bari ba. Sai dai ku haɗa da sanin wani fanni: lissafin kuɗi, lafiya, noma, kasuwanci. Wanda ya san matsalar ɗan kasuwa da wuya a musanya shi. Ku yi tanadi tun kuɗin na shigowa.

Ku kuma masu ɗaukar aiki a nan gida, kafin ku rubuta "kada a wuce shekara 35", ku tuna ku ma kuna hanya.

Me kuka gani? Muna saurarenku.